Magatakardan kotu a Nijar: abin da aikin ke nema da abin da ake tambaya a wajen ɗaukar ma'aikata

A watan Agustan 2025, lokacin da hukumomin Nijar suka rushe ƙungiyoyin ƙwadago na ɓangaren shari'a, kusan duk maganar da aka yi a Yamai da shafukan sada zumunta ta tsaya ne a kan alƙalai da ƙungiyarsu ta SAMAN. Kaɗan ne suka lura cewa matakin ya haɗa har da SNAJ, ƙungiyar ma'aikatan shari'a, wadda magatakardan kotu ke cikinta. Haka abin yake tun can: idan ana zancen shari'a, alƙali ake gani, sai lauya, sai mai shigar da ƙara na gwamnati. Mutumin da ke zaune a gefen alƙali sanye da baƙar riga, kansa a sunkuye yana rubutu, ba kasafai ake tambayar ko wane ne shi ba.

Amma shi ne ma'aikacin shari'ar da talaka ya fi haɗuwa da shi. Mutane da yawa za su ƙare rayuwarsu ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba, sai dai da wuya a samu wanda ya yi karatu, ko ya nemi fasfo, ko ya buɗe kamfani, bai bi ta ofishin magatakarda ba. Kuma a daidai lokacin da matasa masu takardun jami'a ke zaman jiran sanarwar konkur, wannan aiki na girefiye, kamar yadda aka fi kiransa a bakin kotu, ya shiga jerin ayyukan gwamnati da ake rububinsu. Ya kamata mai nema ya san abin da zai ɗauka.

Abin da ke hannunsa

A tsarin shari'ar da Nijar ta gada daga Faransa, magatakarda yana cikin kotun ne, ba ɗan aiken alƙali ba ne. Idan babu shi, zaman bai cika ba. Shi ke riƙe littafin zama, inda yake rubuta wanda ya halarta da wanda bai zo ba, abin da wanda ake tuhuma ya faɗa, abin da shaidu suka ce, da abin da kotu ta yanke. Asalin takardar hukunci, wadda ake ajiyewa a kotu, tana ɗauke da sa hannu biyu: na alƙali da na magatakarda. Sa hannun na biyu shaida ce cewa abin da aka rubuta shi ne abin da ya faru. Idan shari'a ta tafi kotun ɗaukaka ƙara a Yamai, ko Damagaram, ko Tawa, alƙalan can ba su ga fuskar kowa ba a zaman farko, ba su ji muryar kowa ba. Abin da magatakarda ya rubuta suke karantawa. In ya tsallake wata magana, ta ɓace ke nan.

A ofishin alƙalin bincike nauyin ya ƙara girma. Doka ta ce alƙalin ba zai yi wa mutum tambayoyi shi kaɗai ba, sai da magatakarda a zaune yana rubutawa, kuma shi ke jera takardun dosiye ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarta. A nan ne batun ya shafi ƴancin mutane kai tsaye. Wanda aka ajiye a gidan kason Yamai, ko Kollo, ko Maraɗi yana jiran shari'a, makomarsa na rataye da wa'adi: ranar da takardar tsare shi za ta ƙare, ranar da ya nemi a sake shi na wucin gadi, ranar da ya kamata a miƙa dosiyensa ga mai shigar da ƙara. Alƙali ne mai yanke shawara, amma wanda ke tuna masa cewa lokaci ya yi, sau da yawa magatakarda ne. Cunkoson gidajen kaso da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka daɗe suna kuka a kai yana da dalilai da dama, kuma dosiyen da ya kwanta a ƙasan tulin takardu na cikinsu. Abin ya fi tsanani ga waɗanda aka kamo daga Difa ko Tilaberi bisa zargin ta'addanci, tunda sashen da ke shari'arsu yana Yamai ne, nesa da danginsu da za su yi ta zirga-zirga suna tambaya.

Akwai kuma ɗaukaka ƙara. Wanda aka yanke wa hukunci a gabansa kan wani laifi yana da kwana 10 ya ce bai yarda ba, kuma a ofishin magatakarda ake bayyana hakan, a rubuta a rajista da kwanan wata. Kwana guda da aka makara, ko kwanan wata da aka rubuta ba daidai ba, ya isa ya rufe wa mutum ƙofa.

A shari'ar bashi ko ta fili, cin nasara a baki ba ya sa a biya mutum. Sai babban magatakarda ya ba shi kwafin hukuncin da ke ɗauke da umurnin zartarwa da sunan al'ummar Nijar, sannan wisiye ya samu ikon zuwa ya karɓo masa haƙƙinsa. Ɗan kasuwar da ya yi shekara biyu yana shari'a zai iya ƙara wasu watanni yana jiran wannan takarda guda, don kawai ba a buga hukuncin ba.

Sannan ga kaya da kuɗi. Duk abin da ƴan sanda ko jandarmomi suka kama a matsayin shaida, daga wayar salula zuwa babur, daga ƙwayoyi zuwa tsabar kuɗi, idan ya iso kotu yana shiga ajiyar ofishin magatakarda ne. Kuɗin beli da kuɗin ajiya da mai ƙara ke biya kafin a fara bincike duk ta nan suke bi. Ma'aikacin da albashinsa bai taka kara ya karya ba yana iya kwana da makullin ɗakin da ke ɗauke da dukiyar da ta ninka albashinsa na shekaru. Duk wanda ke tunanin aikin nan rubutu ne kawai bai leƙa wannan ɗaki ba.

Ɓangaren kasuwanci shi ma nasa ne. A ƙarƙashin dokokin OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993 wadda Nijar ke cikinta, rajistar ƴan kasuwa da kamfanoni tana hannun ofishin magatakarda. Lambar rajistar da banki ke nema kafin ya buɗe wa kamfani asusu, kuma da ake nema kafin a shiga takarar kwangilar gwamnati, daga can take fitowa.

Takardu uku da ƴan ci-rani suka sani

Ɗan Nijar da ke Kano, ko Akara, ko Abijan, ko Brussels ta Beljiyam, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ya san kaziye, takardar da ke nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci. Ana ajiye bayananta ne a kotun yankin da aka haifi mutum, kuma masu nemanta galibi suna so kada ta wuce wata uku da fitowa. Ma'ana, wanda aka haifa a Madawa ko Magarya yana zaune a Turai, sai ya tura ƙane ko abokin da zai je kotu, a aiko masa, kuma idan ofishin da ya neme ta ya ja lokaci, ta tsufa, a sake sabon zagaye.

Ya san takardar zama ɗan ƙasa, nasiyonalite. Shugaban kotu ne ke sa mata hannu, amma ofishin magatakarda ne ke karɓar takardun haihuwa na mai nema da na iyayensa, ya duba, ya shirya. Tun da gyaran dokar 2014 ya ba ƴan Nijar damar riƙe ƙasa biyu, iyaye da ke waje sun ƙara neman wannan takarda domin ƴaƴan da suka haifa a can. A nan ne ƙaramin kuskure ke zama babbar wahala. Suna ɗaya ana iya rubuta shi iri uku a harafin Faransanci: a takardar haihuwa Mahamadou, a difloma Mahamane, a fasfo Mohamed. Ma'aikacin ofishin jakadanci a waje ba ruwansa da cewa a gida duk mutum ɗaya ne. Magatakardan da ya kula ya kwatanta harafi da harafi kafin ya buga, ya kuɓutar da wani daga asarar biza ba tare da ya sani ba.

Ta ukun ita ce jijman, hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa ga wanda ba a yi wa rajista a kan lokaci ba. Dokar 2019 kan rajistar al'umma ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. Wanda ya wuce haka sai ta kotu. A karkara yara da yawa ba a tuna ba su da takarda sai jarrabawa ta ƙarato, shi ya sa kotuna ke fita zaman tafi-da-gidanka zuwa ƙauyuka, inda magatakarda zai zauna a ƙarƙashin rumfa ya cike ɗaruruwan takardu cikin kwanaki kaɗan. Shekarar haihuwar da ya rubuta ran nan ita za ta bi yaron har ranar ritaya.

Wa ake ɗauka

Hanyar shiga ita ce konkur. Sharuɗɗan farko irin na kowane aikin gwamnati ne, kamar yadda dokar ma'aikata ta 2007 ta shimfiɗa: mutum ya zama ɗan Nijar, yana da cikakken ƴancinsa na ɗan ƙasa, mai kyakkyawan hali, mai ƙoshin lafiya, kuma cikin iyakar shekarun da sanarwa ta faɗa. Dosiyen nema ya ƙunshi wasiƙa da aka rubuta da hannu aka manna mata tambur, takardar haihuwa, nasiyonalite, kaziye sabuwa, takardar likita, da kwafin difloma da aka tabbatar. Masu takardun jami'a akan tambaye su shaidar bautar ƙasa, sabis sibik. Abin lura, biyu daga cikin waɗannan takardu daga ofishin da mutum ke neman shiga suke fitowa, don haka kafin ya zauna jarrabawa ya riga ya ɗanɗana layin da gobe zai riƙa kallo daga ɗaya gefen tebur.

Aikin hawa-hawa ne, kuma matakin da mutum zai shiga ya danganta da takardar da ya zo da ita. Manyan matakai na masu karatun jami'a ne, musamman fannin shari'a. Wannan karatu ana yinsa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, sai Jami'ar Musulunci ta Say mai sashen shari'a da doka, da wasu makarantu masu zaman kansu. Ɗan Maraɗi da ke son wannan hanya sau da yawa sai ya bar gida, tunda jami'ar garinsa ta fi karkata ga kimiyya. Wanda ya ci konkur yana wucewa horo. A da makarantar horar da ma'aikatan gwamnati ta Yamai ce ke yi, amma tun da aka kafa makarantar horar da ma'aikatan shari'a, EFJN, a 2015, alƙalai da magatakarda suka samu gidansu. Horon ya haɗa darasi a aji da zama a kotu a ƙarƙashin tsofaffin hannu. Kafin ya fara aiki sai ya yi rantsuwa a gaban kotu cewa zai yi aikinsa da gaskiya, ya kuma riƙe sirrin abin da ya gani da abin da ya ji.

Rantsuwar nan tana da haƙora. Ma'aikacin da ya canza abin da ke cikin takardar hukuma, ko ya rubuta kwanan watan da ba shi ba, ya aikata babban laifi a dokar hukunta laifuka, ba abin da ake gamawa da takardar gargaɗi ba. Haka wanda ya taɓa kayan shaida. Kuma kamar kowane ma'aikacin gwamnati, ana iya tura shi ko'ina. Saurayin da ya girma a unguwar Filato ta Yamai yana iya samun kansa a Bilma ko Ngigmi, a ƙaramar kotun da shi kaɗai ne magatakarda: shi ne a zaman kotu, shi ne a bincike, shi ne a rajista, shi ne mai karɓar jama'a.

Wata tambaya da matasa ke yi, kuma suna da hujjar yinta, ita ce ko konkur ɗin na gaskiya ne. Ba a manta da 2016 ba, lokacin da aka soke sakamakon jarrabawar ɗaukar ma'aikatan lafiya saboda maguɗi. A wasu ma'aikatu, wanda ya shiga ta bayan gida zai iya ɓuya a cikin taro. A kotu ba haka ba ne: wanda ya sayi kujerarsa an ɗora shi a kan kuɗin beli da kayan shaida tun ranar farko, kuma da wuya a ce bai zo da niyyar fanshe kuɗinsa ba.

Harshen da ba ya cikin jarrabawa

A nan ne tsarin ɗaukar ya bar giɓi mafi girma. Jarrabawar da Faransanci ake yinta, dokokin da Faransanci suke, littafin zama da Faransanci ake cika shi. Amma mutanen da ke tsaye gaban kotu a Tasawa, ko Birnin Ƙonni, ko Mirriya, mafi yawansu da Hausa suke magana. A wasu wuraren Zabarmanci ne, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Tamashek. Tsakanin bakin mai magana da alƙalamin magatakarda akwai fassara, wani lokaci ta tafinta, wani lokaci ta magatakardan kansa yana juyawa a zuci yana rubutawa.

A duba shari'ar gona. Manomi zai ce kakansa ya ba wane gonar aro. Ɗayan zai ce jingina ce. Na uku zai ce kyauta ce, ko saye. Kowace kalma a nan tana da hukuncinta a al'ada: aro ana mayarwa, jingina ana fansa, kyauta ta tafi. Idan wanda ke rubutu ya ji aro ya rubuta kalmar Faransanci mai nufin an ba shi, gonar iyali guda ta sauya hannu a kan takarda, kuma kotun sama za ta gina hukuncinta a kan wannan kalmar. Dokar Nijar ta yarda a yi amfani da al'adar masu shari'a a batutuwan aure, saki, gado da filayen karkara, shi ya sa alƙali ke zama da mashawarta masana al'ada a irin waɗannan shari'u, kuma sau da yawa maganar ta riga ta bi ta fadar sarki ko hakimi domin sulhu. Duk wannan da harshen gida ake yinsa. Sai a matakin ƙarshe, wajen rubutawa, ake juya shi zuwa wani harshe, kuma babu wanda ya gwada ƙwarewar mai juyawar.

Kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An yi ta muhawara a kan matakin, masu murna da masu ganin an danne sauran harsuna. Amma idan akwai wurin da za a gane ko maganar ta wuce takarda, kotu ce. Ba sai an jira fassara dukkan dokoki ba, aikin da zai ci shekaru. Abin da ke hannu yanzu shi ne a sa jarrabawar harshen gida guda a cikin konkur, a koyar da kalmomin gado da na fili da na aure a EFJN, kuma a duba harshen da mutum ke ji kafin a tura shi wani yanki. A halin yanzu sa'a ce ke yanke wannan.

Dillalan bakin kotu

Duk wanda ya taɓa zuwa neman takarda ya ga mutanen da ke tarbar baƙo tun daga ƙofa, su ce a kawo su shigar. Ba ma'aikata ba ne, amma sun san kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: inda ba a manna farashin takarda a bango ba, inda ba a faɗi ranar da za a dawo a karɓa ba, inda ba a ba da rasit, nan suke cin abinci. Mai nema ya biya jika biyar a kan abin da bai kai haka ba, ya tafi yana zagin kotu, alhali wataƙila ko dala ba ta shiga aljihun magatakarda ba. Wataƙila kuma ta shiga. Rashin rasit ne ya sa ba a iya bambance mai gaskiya da maras gaskiya, kuma masu gaskiyar ne suka fi cutuwa da hakan.

Ba yau aka fara wannan magana ba. Babban taron ƙasa kan shari'a da aka yi a Yamai a watan Nuwamban 2012, zamanin da Marou Amadou ke ministan shari'a, ya tattauna jinkiri, da cin hanci, da ƙarancin ma'aikata. Dokar 2018 ta sake tsara kotuna domin kusanto da su ga jama'a. Sai dai buɗe kotu a takarda abu ne mai sauƙi. Kowace sabuwa tana buƙatar magatakarda, da kwamfuta, da wutar da za ta kunna ta, da ɗakin ajiya da ruwan sama da gara ba za su ci rajista ba. Alƙali ɗaya mai aiki sosai yana iya samar da rubutun da ya fi ƙarfin magatakarda ɗaya, don haka ƙara yawan alƙalai ba tare da ƙara na magatakarda ba yana ƙara tsawon layin hukuncin da aka faɗa a baki ba a buga ba.

Kwamfuta za ta rage wani abu, musamman kaziye. Ranar da aka haɗa bayanan kotuna a rumbu guda, ɗan Nijar da ke waje zai daina tura ƙanensa tafiyar yini guda saboda takarda mai shafi ɗaya. Amma wani ne zai zauna ya shigar da tsofaffin rajistoci na shekaru masu yawa, suna bayan suna, kuma wannan wanin magatakarda ne. Iya aiki da kwamfuta, wanda ake ɗauka kamar ƙari, ya kamata ya zama sharaɗi.

Waɗannan buƙatu, na kayan aiki da yawan ma'aikata da alawus, a da ƙungiyar ƙwadago ce ke kai su gaban ofishin ministan shari'a, wani lokaci da yajin aikin da ke tsayar da kotuna cik, abin da talaka mai jiran takarda bai taɓa jin daɗinsa ba. Hukumomi sun kare matakin rushe ƙungiyoyin da cewa sun kauce wa manufarsu, su kuma ƙungiyoyin ƙwadago da lauyoyi suka ce an taɓa ƴancin ma'aikata. Ko da wane ɓangare mutum yake, akwai tambayar aiki da ta rage: magatakardan da ke Tanut ko Filinge, idan injin buga takardunsa ya mutu, ko aka matsa masa ya sauya kwanan wata a rajista, ta wace hanya zai kai kuka, kuma wa zai tsaya masa? Saurayi ko budurwar da ke haɗa dosiye yau domin konkur mai zuwa, cikin wannan yanayi za su yi rantsuwa.